Ƙwallo Mai Siffar Gwanda

Ƙarfe biyun dare, Gwammaja ta yi tsit,
sai tarin injina da haushin karen Ɗan'iya.
Shekara tara ina ƙona fetur saboda mutum guda,
ni da benci goma sha biyu, ba kowa a kai,
ina kallon wasan da ban san kansa ba.

Tasi'u ne, ɗan Baba Ilu mai faci,
yaron da ke sauke buhunan gero a Dawanau
biyu-biyu, yana fito,
har wani mai koyar da ƙwallon kwando ya gan shi,
ya gwada tafin hannunsa da nasa,
ya ce wannan hannun ya fi ƙarfin dako.
Kwando ya kai shi Amurka.
Can suka dubi faɗin ƙirjinsa,
suka kifa masa hular kwano, suka ce shiga.

Na tambaye shi a waya: wai kai mene ne aikinka,
gola kake ko ɗan gaba?
Ya ce, Nasidi, a ƙarshen sahu nake tsayawa.
Wani sa'in ni katanga ne,
in tare ƙato don wani ya wuce a tafa masa.
Wani sa'in in sulale kamar tarwaɗa,
in waiwayo, a wurgo, in cafe,
sannan mutum uku su rufto mini
kamar ginin ƙasa a watan Agusta.
Na ce, ashe dai dakon ne ba ka bari ba.
Ya yi ta dariya har katina ya ƙare.

Shekarar farko benci ya ɗumama, irin nawa.
Ta biyu aka sallame shi ran Talata,
wasu suka ɗauke shi ran Alhamis,
wani gari mai ƙanƙara da sunansa ya gagari bakina.
Ta huɗu ce tamu.
Cafa hamsin da ɗaya, na jera su da alli
a bayan ƙofa, ƙarƙashin sunayen masu cin bashin kallo.
Daren da ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a ƙirji
na kurma ihu ni kaɗai,
har liman ya aiko a ji ko ɓarayi ne.

Daga nan sai gwiwa.
Ta hagu tukuna, aka ɗinke. Sai ta dama.
Suna ta maimaita faɗuwar a hankali, a hankali,
na tashi na kashe injin da hannuna.

Yanzu ya dawo.
Shekara talatin da uku, tafiyar ɗan saba'in.
Ya gina wa Baba Ilu bene a Kurna,
shi kuwa a ɗakin ƙasa yake kwana.
A masallaci kujerar roba yake ja,
ya zauna can ƙarshen sahu,
inda ya saba.
Wata rana yakan tsaya a Ƙofar Ruwa
yana laluben sunan da ya sani jiya.
Yara sun tambaye shi ƙwallo nawa ya zura a raga,
ya ce wasanmu ba raga, suka watse.

Jiya muna zaune a bakin shago,
baron mai kayan marmari ya faɗa rami,
gwanda guda ta yi tsalle.
Bai ko duba ba.
Hannun nan ya fita shi kaɗai, ya ɗauke ta a iska,
ya matse ta a haƙarƙari, ya sunkuyar da kai,
yana jiran waɗanda za su rufto.

Ba wanda ya zo, sai Adaidaita da ta wuce.

Ya biya kuɗinta. Na kawo wuƙa.
Kafin mu yanka na lalubo guntun alli,
na buɗe bayan ƙofa,
na ƙara ɗaya.